Gafakar Mahaifin Ashafa

Ashafa mutum ne da ba ya iya jin an yabi wani ba tare da ya ji haushi ba. A shekarar 1981 yana aiki a wani kamfanin fata a Challawa, shi ke kan injin fesa launi. Abokin aikinsa Uwaisu maƙwabcinsa ne a Panshekara, kuma su biyun 'ya'yan dukawa ne da suka ajiye basilla suka kama aikin kamfani.

Wata rana ma'aikatan wani gidan adana kayan tarihi suka zagayo neman tsofaffin kayan aikin hannu. Uwaisu ya ba su zabirar kakansa. Aka sa ta cikin gilashi, aka rubuta sunan tsohon a ɗan kati.

"Malam Uwaisu, kai ma yanzu sai da tikiti za a riƙa ganinka?" in ji masu tsokana a wurin cin abincin rana.

Ashafa ya yi dariyar yaƙe. Ranar Asabar ya je shi kaɗai ya tsaya gaban gilashin, ya ƙirga wuraren da ɗinkin ya karkace. Bakwai ne. A gidansa kuwa akwai gafakar Alƙur'ani da marigayi mahaifinsa ya ɗinka, wadda ta fi zabirar nesa ba kusa ba, sai dai janta ya koɗe.

"Malam, ku bar ta yadda Baba ya bar ta," in ji matarsa Sauda da ta ga yana naɗe ta.

"Ke ba ki san idon 'yan boko ba. In tawa ta shiga gilashi, ba mai ƙara duban wancan tsumman na Uwaisu."

Ya kai ta kamfani, ya feshe ta da jan launi, ya bi da man ƙyalli har sau biyu.

Bayan kwana uku Uwaisu ya yi sallama tare da Malam Lawan, jami'in gidan tarihin. Ashafa ya fito da gafakar tana ɗaukar ido kamar sabon takalmin kanti. Malam Lawan ya juya ta, ya shinshina.

"Allah ya jiƙan mai wannan ɗinki," ya ce. "Amma rinin karan dafin da muka zo gani yana ƙarƙashin fenti, fentin nan kuwa ba ya fita sai da fatar. Ba za mu iya karɓa ba."

"Wa ya ce muku ina da ita?"

"Ni," in ji Uwaisu. "Tun ranar farko na gaya musu zabirarmu aikin ɗan koyo ce a gaban ta Babanka."

Kafin damina man ya bushe ya tsage, ya tafi da adon gaba ɗaya.

Darasin shi ne, mai hassada yakan zuba wa rabon wani ido har ya kasa ganin nasa yana tahowa. Wanda ba ya iya jure yabon ɗan'uwansa, da hannunsa zai ɓata abin da za a yabe shi da shi.