Kwana Uku Tafinta Yana Rufa Masa Asiri

Akwai wani babban jami'i a ma'aikatar harkokin waje ta wata ƙasa, wanda ma'aikatansa ke kira Ba-sani-ba-sabo a bayan idonsa. A gabansa kuwa sai dai Yallaɓai. Yana da ilimi, ya iya aiki, amma bakinsa ba linzami.

Shekara shida iyakar ƙasarsu da maƙwabciyarta tana rufe, tun wani rikici da aka yi a kan gadar kogin da ya raba su. Amfanin gona yana ruɓewa ba mai saye, direbobin manyan motoci sun koma zaman kashe wando, 'yan uwa sai dai su ɗaga wa juna hannu daga gaɓa zuwa gaɓa. Da wuya ta yi wuya, ƙasashen biyu suka yarda a zauna. Yallaɓai aka ba jagorancin tawaga.

Maƙwabtan suka turo wata dattijuwar minista mai tafiya da sanda. Ranar da suka iso tafintanta ya kwanta rashin lafiya, sai aka yarda a yi amfani da na masu masauki, wani tsoho mai furfura da ya shekara talatin yana wannan aiki, saura wata biyu ya yi ritaya.

Aka zauna a dogon tebur, tutoci biyu a tsakiya, tafinta a gefe da ɗan littafinsa.

Minista ta fara da batun rage harajin kayan gona. Yallaɓai ya kishingiɗa a kujera ya ce, "Faɗa wa tsohuwar nan ba cinikin kasuwa muka zo ba."

Tafinta ya juya gare ta, ya ce Yallaɓai yana roƙon a duba maganar harajin a tsanake. Ta gyaɗa kai, ta rubuta.

Washegari abin ya ƙaru. Yallaɓai ya ce ba don ƙasarsu ba da yunwa ta gama da mutanenta. Tafinta ya ce mata ƙasashen biyu sun daɗe suna ci a kwano ɗaya. Yallaɓai ya ce ƙasar da ta rasa namijin da za ta turo ai abin tausayi ce. Tafinta ya ce Yallaɓai yana jinjina wa irin amanar da ƙasarta ta ba ta. 'Yan tawagarsa suna ɓoye dariya a bayan takardu.

Lokacin hutu Yallaɓai ya tare tafinta a bakin ƙofa, ya tambaye shi me ya sa matar ba ta nuna ɓacin rai, ko dai ba abin da yake faɗa ake isar mata ba.

"Yallaɓai, abin da ƙasarmu ke nufi nake isar mata," in ji tsohon.

Nan Yallaɓai ya wanke shi tas a gaban masu raba shayi, ya kira shi matsoraci, ya rantse sai ya sa an kore shi kafin ranar ritayarsa. Tsohon ya koma kujerarsa ya buɗe ɗan littafinsa.

Rana ta uku aka daidaita: za a buɗe gada, a janye sojoji, a bar 'yan kasuwa su wuce. Aka sa hannu, aka ɗauki hotuna. Da 'yan jarida suka fita, minista ta dogara sandarta ta miƙe, ta dubi tafinta. Da harshen su Yallaɓai ta yi magana, tiryan-tiryan, ko gargada babu.

"Baba, Allah ya saka maka da alheri. Mahaifiyata 'yar ƙasarku ce, da wannan harshe aka yi min renon goyo. Duk abin da aka faɗa na ji, na kuma ji yadda kake wanke shi kafin ka miƙo min."

Masu dariya jiya kowa ya sa ido a kan takalminsa.

Sannan ta juyo ga Yallaɓai. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce tun ranar farko ta so ta tashi ta bar teburin, kuma da ta tashi ba wanda zai ga laifinta. Amma ɗanta na fari a kan gadar nan harsashi ya same shi, ba ta son wata uwa ta sake karɓar gawa saboda ita an zage ta.

Yallaɓai ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Mutumin da ba a taɓa rufe wa baki ba ya tsaya yana juya biro a hannu har ta fice.

Da ya koma gida ya tarar da iyalinsa a gaban talabijin ana ta yabonsa, ana kiransa gwarzon sulhu. 'Yarsa ta rungume shi tana cewa yau ta fi kowa alfahari da ubanta. Ya kasa haɗa ido da ita. Abincin da matarsa ta ajiye ma ko taɓawa bai yi ba.

Da safe ya tafi gidan tafinta da ƙafarsa. Ya durƙusa ya ba shi haƙuri, tsohon yana kama hannunsa yana cewa ya tashi, ba girmansa ba ne. Sai Yallaɓai ya roƙe shi abu ɗaya: ya koya masa yadda ake cewa "ki yafe min" da harshen minista.

Tun daga gidan har filin jirgi yake maimaitawa a mota kamar ɗan makaranta. Ya same ta za ta shiga jirgi, ya cire hularsa a gaban tawagogin biyu, ya faɗi kalmomin, harshensa na karyewa.

Ta ɗan yi murmushi, ta ce abin da ya faɗa ya fi kama da "ki ara min". Ta gyara masa lafazin. Ya sake faɗa, idonsa ya cika da ƙwalla.

"Yanzu ka faɗa daidai," ta ce. "Na yafe."

Darasi: Shirun mutum ba jahilci ba ne, wani ya ji sarai, abin da yake karewa ne ya fi zaginka girma. Kuma kada ka wulaƙanta wanda ke ƙasa da kai, wataƙila shi ne ke riƙe da mutuncinka ba ka sani ba. Ku tura wa 'yan uwa da abokan arziki, ko wani zai kama bakinsa kafin ya ji kunya.