Ranar da Gamba Ta Ƙi Tashi

Dalilin da ya sa maharbi ke gane makwancin kishimi, wato namijin barewa, tun bai sa shi a ido ba, shi zan gaya muku yau. Ku matso, ku kuma bar surutun nan, don labarin kansa ɓata mini rai yake yi.

A da can, ciyawa ba ta tona asirin kowa. Dabba za ta kwanta a kanta ta sha barcinta, da ta tashi sai ciyawa ta miƙe tsaf, kamar ba a taɓa taka ta ba. Maharba su yini suna yawo a dawa, su dawo da ƙaya a ƙafa. Abu ɗaya ciyawa ta roƙa a madadin wannan alheri: idan ta fid da kai, a ɗaga mata ƙafa har 'ya'yanta su nuna su zube. Duk namun daji sun amince, har giwa.

To, akwai wata tsohuwar Gamba a gefen wani tudu, a gindin kalgo. Gobarar rani ta cinye danginta kaf, ita kaɗai ta sake tohowa. Da kaka ta gabato sai ta fid da kai. Ba ta da wani buri a duniya sai 'ya'yan nan su nuna, don in suka lalace, an gama da zuriyar gamba a tudun nan.

Ana nan, ran nan da hantsi, sai ga Kishimi, ƙaho a sama, yana tafe yana taƙama. Ko sallama babu. Ya dubi inuwar kalgo, ya fara lanƙwasa gwiwa.

Gamba ta ce, “Ɗan nan, don Allah matsa gaba kaɗan. Ba ka ga goyo gare ni ba?”

Ya ce, “Tsohuwa, nan ne iska ta fi daɗi.”

“Ai akwai alkawari tsakaninmu da ku.”

“Da kakannina kika yi. Je ki neme su.”

Ya zube a kanta, rim! Ya yi birgima, ya murje, ya sake juyi. Tana ji kawunanta suna karyewa ɗaya bayan ɗaya. Ku ji rashin kunya, jama'a!

Da rana ta yi sanyi ya tashi ya tafi kiwo. Bai yi nisa ba sai ga Barmo maharbi da bakansa, yana duban ƙasa. Gamba ranta a ɓace yake, amma ta ce alkawari alkawari ne. Ta cije, ta tattara ƙarfinta, ta miƙe. Barmo ya wuce bai ga komai ba. Ta duba jikinta, kai ɗaya tal ya rage mata.

Washegari da Kishimi ya dawo ta ce, “Jiya na rufa maka asiri. Maharbi ya bi ta nan, da ban tashi ba da yanzu kana tukunya. Kai ɗaya ya rage mini. Bar mini shi, na roƙe ka.”

Kun san abin da ɗan banzan nan ya ce? Cewa ya yi, “To, godiya kike jira? Tashi ai aikinki ne. Ciyawa an yi ta ne don a kwanta a kanta.” Ya miƙa wuya ya tsinke kan nan da ya rage, ya tauna a gabanta, ya ce bai ma da daɗi. Ya kwanta, ya yi barci har da minshari. Da ya farka ya zuba mata kashi a gefe, ya goga ƙahonsa a jikin kalgo har ɓawo ya saluɓe, ya kama hanya ko waiwaye babu.

Gamba ba ta yi kuka ba. Baƙin ciki ya wuce na kuka. Kalgo ya ce, “Iya, tashi mana, ga maharbin can tafe.”

Ta ce, “In tashi don wa? Wallahi ba inda za ni.”

Barmo ya iso ya yi turus. Tun da yake farauta bai taɓa ganin ciyawa a kwance ba. Ya tsuguna. Ya ga shimfiɗa guda ce, babba, ya ce namiji ne, shi kaɗai. Ya tsinci gashi ja a jikin ganye. Ya murza kashin, da sauran danshi. Ya ɗaga kai ya ga kalgo a saluɓe, ya gane tsawon ƙahon. Ya yi murmushi ya tafi. Kashegari da sassafe ya dawo ya laɓe bayan wani suri, inda iska ba za ta kai warinsa tudun ba.

Hantsi na yi sai ga Kishimi. Ya ga makwancinsa yadda ya bar shi, har ya ce, “Yawwa, tsohuwa ta yi hankali, ta gyara mini shimfiɗa.” Bai rufe baki ba, kibiya ta same shi a haƙarƙari. Ya faɗi daidai inda ya saba kwanciya.

Ya ce, “Iya! Iya Gamba, tashi ki rufe ni!”

Yau ta zama Iya, kun ji.

Ta ce, “Da me zan tashi? Kai ka karya mini baya. 'Ya'yan da za su tsaya su kare ka kuwa, suna cikinka.”

Barmo ya saɓa shi a kafaɗa ya yi gida. Kada ku zaci Gamba ta yi murna. Mutuwarsa ba ta dawo mata da ko ƙwaya ɗaya ba. Labari ya bazu a dawa, ciyawa duk ta yi rantsuwa ba ta ƙara miƙewa don rufa wa mai ƙaho asiri.

Shi ya sa har yau kishimi ba ya barci da ido biyu a rufe. Gefen tudu yake nema, ya ba iska baya don hanci ya tsare masa can, ya zuba ido gangare, don ya san ba mai rufe shi. Maharbi kuwa ba ya wahalar bin sawu a banza. Ciyawa kwantacciya yake nema, da kashi a gefe, da ɓawon itace a saluɓe. In kun ci karo da irin wannan wuri a dawa, ku duba da kyau. Gamba ce kwance, har yanzu ba ta huce ba.