Kumfar Tekun Alhaji Haladu

Akwai wani mutum a wani ƙauye gefen Gwiwa, zamanin En'e, ana ce masa Alhaji Haladu. A faɗarsa, daga Roni har Babura babu wanda ya san ido kamarsa, babu kuma wanda ya san teku kamarsa. Na biyun kam bai sha wahala ba, tunda duk garin babu wanda ya taɓa ganin tekun balle ya ƙaryata shi.

Ya tafi hajji a ƙasa, ya jima, ya dawo da rawani da jakar fata. Ya ce a bakin Bahar Maliya wani Baturen likita mai binciken halittun ruwa ya riƙe shi aiki.

"Ni nake nutsewa in kamo masa su," in ji shi. "Akwai wata mai hannu takwas, idonta sak na ɗan'adam. Mu feɗe idon mu duba. Da ya ga na fi shi ganewa, sai ya koma shi ke miƙo mini wuƙa."

Ranar kasuwa hannuwan nan sukan kai goma sha biyu.

A jakar akwai wani farin gari, wai kumfar teku, maganin kowane ciwon ido. Shi kaɗai ya san cewa tafiyarsa a bakin Chadi ta tsaya, wurin bandar kifi, kuma labarin Baturen daga bakin wani alhaji ya tsince shi. Garin kuwa katantanwa ce da kanwa, a bayan ɗaki yake dakawa.

In zai zuba, sai ƙarti sun danne mutum. In mutum ya yi ihu, ya ce, "Madalla, tekun ya fara aiki."

Wata tsohuwa mai kaɗin auduga, Inna Tasalla, ta zo da yana a idon hagu. Ya zuba mata. Kafin sati idon ya mutu murus.

"Inna, kin runtse da wuri," in ji Haladu. "Maganin teku ba ya son raki."

Baiwar Allah ta yarda, har tana ba shi haƙuri. Ya ƙulla mata wani, ya ce ta zuba a na dama don rigakafi. Tsoro ya hana ta, kunya kuma ta hana ta faɗa.

Da shekara ta zagayo, ciwon ido ya shigo gari, ya kama Haladu da kansa. Idanu suka yi jajur suka kumbura. Nan da nan ya sa aka yi shela cewa kumfa ta ƙare, sai an aiko daga gabas. Ya shige zaure ya kwanta, yana murna ya tsira.

Da hantsi sai ga dagaci, Kawu, da jama'a sun zo dubiya. A bayansu ga Inna Tasalla tana laluben bango, tana kwance bakin zane.

"Ranka ya daɗe, ga ƙullin maganin da ya ba ni, ban taɓa ba," ta ce wa dagaci. "Ashe rabonsa ne."

"Allahu akbar!" in ji Kawu. "Kai, ku riƙe Alhaji. Kun san maganin ba ya son a runtse."

Ƙartin da suka saba danne masa mutane suka danne shi, kuma sun ƙware.

"Tsaya, ranka ya daɗe! Ba ya yi wa wanda ya yi iyo a teku aiki!"

"In bai yi ba ai ba a yi asara ba," in ji Kawu.

"Ya kwana biyu, ya lalace!"

"Haba Alhaji, kai da bakinka ka ce ba ya tsufa."

Wani ya sa yatsa ya buɗe masa fatar ido. Da jan idon nan nasa ya hango farin garin a tsakanin yatsun tsohuwa, yana matsowa.

"Daure, ɗana," ta ce a hankali. "Kada ka yi raki irin nawa."

Haladu ya kurma ihun da aka ji har bakin rijiya: "Ku sake ni! Za ku makantar da ni!"

Ƙartin suka sake shi ba tare da an ce su saki ba.

Inna Tasalla ta juyo da idonta ɗaya, ta daɗe tana kallonsa.

"Makanta, Alhaji? Ashe ka sani." Ta kakkaɓe yatsunta a zane. "Ni kuwa tun bara nake neman gafarar Allah, wai ni ce na runtse."

Darasi: Ilimin gaskiya sai an zauna an koya, ba a tsintarsa a bakin matafiya. Duk wanda ya ba ka abin da shi ba zai yarda a zuba masa ba, ka tashi ka bar wurin. Ido kuwa a kai shi asibiti. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman waɗanda har yanzu suke da Haladu a unguwarsu.