Ranar da Aka Kira Iska Shaida

An ce wai an yi wani attajiri, Alhaji Na'iya, wanda ya fara neman abincinsa da awon hatsi, Allah ya buɗa masa har ya kafa masana'antar cika silindar oksijin. Asibitoci na saye saboda marasa lafiya, masu walda na saye saboda yankan ƙarfe. A gidan akwai na'ura mai auna tsabtar iskar, kuma babu silindar da ke fita ƙofa sai ma'aikaciyar awo, Barira, ta sa hannu. Barira kuwa akwai taurin kai, irin wanda abokan aiki ke tsaki a kansa.

Wata Laraba da hantsi aka loda silinda ɗari biyu za a kai asibiti, ta ce ba za ta sa hannu ba. Dalilinta shi ne masu walda uku, waɗanda ba su san juna ba, sun zo cikin mako guda suna ƙorafin wutarsu ta daina cin ƙarfe kamar da. In iskar ta gaza a kan ƙarfe, me za ta yi a ƙirjin marar lafiya?

Manaja Haladu ya ja ta gaban na'urar. Ya jona silindar gwaji, wadda ake sayowa daga waje da takardar shaida don a riƙa saita na'urar da ita. Takarda ta ce casa'in da tara da rabi cikin ɗari, na'ura ta faɗi haka. Ya jona iskar gida, ta sake faɗin haka.

"To, sai me kuma?" in ji shi.

"Yallaɓai, ban san inda laifin yake ba, amma akwai shi."

Haladu ya kulle ɗakin awon, ya jefa mukulli a aljihu, ya kai ƙara gun Alhaji: ko ta sa hannu, ko a sallame ta yau.

Barira ta tsaya gaban mai gidan, ta san aikin nan shi ke riƙe da gidansu. Duk da haka ta ce, "Ranka ya daɗe, kujerar taka ce, kana iya ba wa wanda ka so. Hannun nan kuwa nawa ne, kuma ba zai hau takardar nan ba."

Alhaji ya auna lamarin. In ya bi na'ura, wataƙila ya aika wa marasa lafiya abin da ba zai amfane su ba. In ya bi Barira, ya ƙaryata awo da takarda a kan ƙorafin masu walda. Can ya ce, "Ban yi boko ba, amma na yi shekara ashirin ina awo. Mudun da ake zargi ba a gwada shi da mudun rumfarsu. 'Yar nan, akwai wata iska da duniya ta san awonta, wadda ba ta taɓa kwana a gidan nan ba?"

Barira ta ɗago kai. Kunya ta kama ta, don amsar tana shiga hancinta tun safe. "Akwai, ranka ya daɗe. Wadda muke shaƙa. Oksijin ɗin cikinta ashirin da ɗaya ne ba kaɗan cikin ɗari, a ko'ina."

"Haladu, buɗe ɗakin. A zura tiyon na'urar ta taga."

Aka zura. Lamba ta sauko, ta sauko, ta tsaya cak a ashirin da uku. Ashe na'urar ƙari take wa duk abin da aka ba ta, kuma iskar da ke kan mota da ƙyar ta kai casa'in.

Aka bi sawu. Silindar gwajin ta ƙare tun watan jiya, aka ajiye ta a tsakar gida kafin sabuwa ta iso. Leburori suka tarar da ita, suka cika ta daga tankin gida, suka mayar da ita mazauninta da takardarta a wuya. Tun ranar, da iskar gida ake saita na'urar da za ta auna iskar gida.

"A kori leburorin!" in ji Haladu, yana share gumi.

"A kan me?" in ji Barira. "Dokar gidan nan suka bi, cewa kada silinda ta kwana ba komai a ciki. Wanda ya kafa ta shi ya kamata a tambaya."

Kowa a wurin ya san wanda ya kafa ta. Alhaji ya dube ta ya ce, "Ni ne. Na kafa ta don tsoron asara, ban ware ko ɗaya ba. A sauke motar, a gaya wa asibiti gaskiya su nema a wani wuri yau. Haladu, miƙa mata mukullin. Wadda ta iya faɗa mini wannan a gaban ma'aikatana, ba za ta ji tsoron faɗa wa na'ura ta yi ƙarya ba."

Barira ta karɓa, sai a lokacin hawaye ya zo mata.

Masu hankali suka ce: duk gidan da ya zama shi ne shaidar kansa, kullum zai ci shari'a, har ranar da zai ci ran wani.