Zakarun Gwaggo Tasalla

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso ku bar ture-turen nan.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Wata tsohuwa ce ana ce mata Tasalla. Tana zaune gidan ɗan wanta Nomau, a wani ɗan ɗaki bayan rumbu. Ba ta da komai sai kaza ɗaya. Sai kazar ta ƙyanƙyashe 'yan tsaki uku. Tasalla ta duba, ta ce duk mata ne, ta raɗa musu Lantana da Kande da Auta. Sai shaho ya sure uwar. Sai Tasalla ta zama uwarsu, a tafin hannunta suke cin tsaki har suka girma.

Ran nan da asuba sai Lantana ta miƙe wuya ta yi cara. Kande ta amsa. Auta ma ta biyo baya. Ashe duk zakaru ne!

Sai Nomau ya ce, "Gwaggo, zakara ɗaya ya ishi gidan nan, kuma ina da nawa. Ko ki rabar da su kafin Juma'a, ko in sa musu wuƙa."

Ta ce, "Sai dai ka fara ta kaina."

Sai ta zuba su a kwando, ta ɗora a ka, ta fita nema musu gida.

Ta fara zuwa gidan wata mata, Laraba. Laraba ta ce, "Kawo su, Gwaggo, kamar 'ya'yana zan riƙe su." Ta ɗauki Kande, ta latsa ƙirjinsa da babban yatsa, ta jinjina shi a hannu. To, ku yara ku sani, wanda zai yi kiwo idon kaza yake dubawa da ƙafarta. Wanda ya latsa ƙirji, miya yake aunawa. Sai Auta ya leƙo daga kwando ya rera:

"Gwaggo, Gwaggo, ɗauke mu,
Hannun nan na tukunya ne."

Tasalla ta fizge Kande, ta ce, "Haka kike latsa 'ya'yan naki?" Ta yi gaba.

Sai ta tarar da wani mutum, Barau, zaune a ƙofar gidansa. Ya ce, "Ni dama zakara nake nema." Bai taɓa ƙirji ba. Sai dai ya baza fiffiken Lantana yana leƙawa, yana cewa, "Jan nan dai babu ɗigon baƙi ko ɗaya a jikinsa ko?" Sai Auta ya rera:

"Gwaggo, Gwaggo, ɗauke mu,
Aiken nan na boka ne."

Tasalla ta ce, "Je ka ce wa bokan naka ya yanka hularsa, ita ma ja ce." Ta yi gaba, ƙafa na ciwo, rai a ɓace.

Ta yi ta tafiya har ta iso wata 'yar tunga. Kaji ga su nan birjik, amma babu zakara ko ɗaya. Maigidan wurin, Jatau, ya tarbe ta, aka kawo ruwa. Ya ce, "Inna, kin ga halin da muke ciki. Kajinmu sai su yi ta kwanci, ƙwai duk baragurbi." Ya ɗauki Lantana, ya duba ido, ya duba ƙafa, ya ajiye shi a hankali. Auta ya yi shiru. Tasalla ta ji daɗi har ta yi hawaye. Ta ce, "Na ba ku su, duka ukun."

Aka shimfiɗa mata tabarma. Tana miƙe ƙafa ke nan, sai ta ji ƙarar wuƙa ana wasa ta a dutse. Sai ga muryar Auta daga bayan ɗaki:

"Gwaggo, Gwaggo, tashi tsaye,
Wuƙar nan tamu ce."

Ta zabura ta je, ta tarar da Jatau riƙe da Auta. Ta ce, "Kai, me zan gani?"

Ya ce, "Inna, ke baƙuwa ce. Mu a nan baƙo bai taɓa kwana ba a yanka masa zakara ba. Tun kakanni haka muke."

Ta ce, "Au, abin da ya ƙarar da zakarunku ke nan?"

Ya ce, "Shi ne. Amma kunya ce baƙuwa ta ci tuwo gaya alhali yau muna da zakara."

Ku ji fa! Mutumin kirki ne, kirkin ne ma zai kashe mata ɗa.

Sai Tasalla ta gyara ɗaurin zaninta. Sai ta ɗauki tsintsiya ta share tsakar gida tas. Sai ta karɓe taɓarya daga hannun matar Jatau, ta hau daka. Sai ta tsuguna gaban murhu tana hura wuta.

Jatau ya ce, "Haba Inna, baƙo ba ya aiki!"

Ta ce, "To, ka faɗa da bakinka. Na yi shara, na yi daka, na hura wuta. Ina baƙuwar take? Sake shi."

Jatau ya duba hagu, ya duba dama. Ya saki Auta. Can ya sosa ƙeya ya ce, "Gaskiya zan faɗa miki, Inna. Yau kin kuɓutar da shi. Amma gobe in kin tafi wani baƙon ya zo, ba ni da yadda zan yi."

Ta ce, "Wa ya ce maka zan tafi? Nuna mini ɗakin da ke kusa da zaure. Duk baƙon da ya yi sallama, ni zan fara tarbarsa."

Haka kuwa aka yi. Bayan kwana uku wani babban falke ya sauka a tungar. Kafin ya gama gaisuwa, tsohuwa ta miƙa masa igiyar guga, ta ce rijiya na can. Ya ja ruwa yana haki, ya zama ɗan gida, ya ci tuwonsa da miyar kuka, zakaru uku na tsaye a kan danga suna yi masa cara.

Ƙurunƙus kan kusu, tawa ta ƙare. In kun raini abu, kada ku miƙa shi don an yi muku baki mai daɗi. Ku tsaya ku ga inda zai kwana, ko da ku ma can za ku kwana. Ku tashi haka nan.