Kafilin Aro

An yi wani mutum a Jidda, ba zan kama sunansa ba, ma'aikatansa dai Mudir suke ce masa, wato manaja. Daga Atbara ta Sudan ya zo da jaka ɗaya, ya shekara takwas a ƙarƙashin wani kafili, wato ɗan ƙasar da izinin zaman baƙo ke hannunsa, wanda ya gasa masa aya a hannu. Ya 'yan uwa, wanda ya ɗanɗani wannan ba shi ya kamata ya fi kowa tausayi ba? Ina!

Da ya yi ƙarfi sai ya so buɗe kamfanin haɗa lifta a dogayen benaye. Baƙo kuwa a lokacin ba ya mallakar kamfani da sunansa. Sai ya nemo wani dattijo ɗan ƙasa, Gurmullahi, mai kiwon zuma a duwatsun Ɗa'if, aka rubuta komai da sunan dattijon. A takarda shi ne mai kamfani, shi ne kafilin kowa, har shi Mudir ɗin da aka rubuta a matsayin mai gyaran wuta. Dattijo bai iya danne-dannen waya ba. Ya miƙa masa layin da saƙon hukuma ke shigowa, ya ce, "Ɗana, abin da ya shafi takardu ka yi, ka dai ji tsoron Allah." Ya koma wajen zumarsa.

Tun daga ranar wuyan bayin Allah ya shiga hannun Mudir. Fasfo yana cikin durowarsa, igama, wato katin izinin zama, sai ya ga dama ya sabunta, hutu sai ka durƙusa.

Cikin waɗanda ya ɗauko akwai Injiniya Babikir, ɗan garinsu, wanda duk liftar da ta gagari mutane shi ake kira. Shekara huɗu Babikir yana roƙon a yi masa takardar kawo matarsa da 'yarsa, Mudir yana kunnen uwar shegu da shi. Sai wani babban kamfani ya ce ya zo, za su kawo masa iyali, in dai kafilinsa ya sake shi.

Babikir ya same shi a ofis yana shan shayi, ya ce, "Ya zol, mutumina, don zumuncin gari ɗaya ka sake ni. 'Yata ta fara makaranta, a waya kawai ta san ni."

Mudir ya yi dariya. "Ni na kawo ka kana warin jirgin ƙasan Atbara, yau ka ga fitilun Jidda za ka sauya ubangida? Je ka, bene mai hawa tara na jiranka."

"To zan kai ƙara ofishin ƙwadago."

"Allah ya kiyaye hanya, Injiniya."

Ku ji abin da azzalumin ya yi. Ran Alhamis da hantsi, Babikir yana rataye da igiya a cikin ramin lifta, hawa na tara, yana yi masa aiki, shi kuwa ya ɗauki waya ya danna masa hurub. Wato ya shaida wa hukuma ma'aikacinsa ya gudu. Ya gudu ina? Mutum yana cikin raminka, gumi yana zuba a kan ƙarfenka? Tir da wannan ƙarya! Wanda aka yi wa hurub ba aiki, ba asibiti, in aka tare shi a hanya sai tarhil, gidan tsare waɗanda za a kora, daga nan a tusa ƙeyarsa gida.

Mudir ya zaci Babikir zai dawo yana kuka ya kama ƙafarsa. Abin da bai taɓa kawowa a ransa ba shi ne, sunan kafilin da ke jikin igama na mutum ne mai rai. Babikir ya shiga bayan motar wani mai kayan lambu, ya hau Ɗa'if yana tambaya, har aka nuna masa dattijo a tsakanin amyoyinsa.

"Baba, me na yi maka ka ce na gudu?"

"Ni? Wallahi ban taɓa ganin fuskarka ba." Da ya ji bayani sai ya ce, "Ku nawa ne a ƙarƙashin sunana?"

"Arba'in da uku."

"Biyar ya ce mini! Arba'in da uku za su shaƙe ni gaban Allah, ni da ban san sunan ko ɗaya ba?" Ya ƙwala wa babban ɗansa kira. "Mish'al! Ka wanke mini sunana kafin in mutu."

Cikin mako guda Mish'al ya karɓe layin, ya janye hurub, ya raba wa kowa fasfonsa, ya saki duk mai son tafiya, ya rufe kamfanin. Mudir ya hau Ɗa'if da rago da turare, dattijo ya ƙi fitowa. Mish'al ne ya tsaya masa a bakin ƙofa.

"Ranka ya daɗe, shekara ashirin da biyu ina gina wannan wuri. Nawa ne!"

"Naka? Takarda ta ce kai mai gyaran wuta ne. Je ka gaban alƙali ka ce naka ne, ka faɗa masa yadda ka ɓuya a bayan sunan ubana."

Ido ya raina fata. In ya faɗa, kurkuku. In ya yi shiru, ya fita hannu Rabbana. Bai je gaban alƙali ba. Mish'al ya sa aka buga masa takardar barin ƙasa ta dindindin, shi da matarsa da 'ya'ya huɗu da aka haifa a Jidda, waɗanda ba su taɓa taka Atbara ba. Ranar da suka hau jirgin ruwa zuwa Sawakin ta Sudan, cikin mutum arba'in da uku ko ɗaya bai zo rakiya ba. A watan da ya biyo Babikir, da ya riga ya koma babban kamfanin nan, ya je filin jirgi ya ɗauki 'yarsa.

Ya 'yan uwa, kada wani ya ce wannan na masu kamfani ne. Kai da takardar wani ke hannunka, kai da sai ka sa hannu wani zai ga iyalinsa, da kai nake. Ba kai ka halicce shi ba, ba kai kake ciyar da shi ba, amana aka ba ka, kuma za a tambaye ka. Kai kuma mai ba da aron suna ka koma gida ka miƙe ƙafa, ka sani duk zaluncin da aka yi da sunanka za a karanta maka shi.

Allah ya kiyaye mu daga riƙe wuyan bayinsa, ya kiyaye wuyanmu daga hannun wanda ba ya tsoronsa. Amin.