Dutse a Buhun Gero

An yi wani mutum a wani ƙauye na ƙasar Bukkuyum. Ba zan faɗi sunansa ba, don yana raye, kuma abin da ke kansa ya ishe shi.

Manomi ne, sai ya shiga haƙar zinari kamar kowa. Wannan ba laifi ba ne. Amma kun tuna shekarar da gubar dalma ta yi ta ɗibar yara a garuruwanmu. Bayan an kankare ƙasar gidaje an zuba sabuwa, dattawan ƙauyen suka tara jama'a a ƙofar masallaci, aka yi alkawari: kada wanda ya sake shigo da dutsen zinari cikin gari. A daka a daji, a wanke a daji, a sauya tufafi kafin a dawo gida. Mutumin nan yana sahun gaba, har ya fi kowa ɗaga murya wajen cewa amin.

To, sai haɗama ta yi masa huɗuba, wai masu injin niƙa dutse a daji suna ƙwararsa. Ya riƙa cusa dutse a buhu, ya rufe da gero daga sama, ya ɗaure a babur, ya wuce ta gaban mutane yana sallama.

Matarsa Luba ta ce, "Malam, ba abin nan ne ya kashe ɗiyan mutane ba?"

Ya ce, "Ke, mutuwa ta Allah ce. Daka, ki kama bakinki."

Ta daka a tsakar gida, ta tankaɗe. A wannan tsakar gidan 'yarsu Hamida ke rarrafe, ta dafa ƙasa ta kai hannu baki.

Ya 'yan uwa, dalmar nan tana cikin dutse tun kafin kakanninmu, ba ta taɓa bin kowa gida ba. Wa ya ɗauko ta? Wa ya kai ta inda yaro ke wasa? Bala'i yakan kwanta a inda Allah ya ajiye shi, mu ne muke yi masa dako.

Yarinya ta fara amai, sai jijjiga. Luba ta yi kuka, ta ce a kai ta asibiti a Anka. Shi kuwa ya san za a auna jininta, daga nan a zo a auna ƙasar gidansa, asiri ya tonu. Sai ya ce iska ce, ya sa aka yi ta turare. Kwana tara, jama'a! Kwana tara yana kallon 'yarsa tana sandarewa, don kada a ce ya karya alkawari.

Yayan Luba, Haladu, shi ya zo ya ɗauke yarinyar da ƙarfi ya kai ta asibiti. Aka ceci ranta, amma gubar ta riga ta taɓa ƙwaƙwalwa. Yau ta girma, ba ta ji, ba ta magana, sai an ɗaga ta an kwantar. Asirin ma ya tonu, gari ya daina gaisawa da shi.

Bara ya same ni bayan la'asar. Wallahi na tausaya masa. Ya ce, "Malam, na tuba, na san Allah mai gafara ne. Amma ita fa? Ta yaya zan roƙe ta, ba ta ji?"



Ya 'yan uwa, kada wanda ya haƙa rami da hannunsa ya ce ƙaddara. An gargaɗe ka, ka ji. Ka yi kuskure, ka fito ka faɗa tun akwai lokaci, kunya tana wucewa, wani ciwon ba ya wucewa.

Allah ya ba Hamida sauƙi, ya yafe wa mahaifinta. Allah ya kiyaye mu da cutar da 'ya'yanmu da hannunmu. Amin.